Jikokin Mai Igwa

Duk wanda ya tashi a Sabon Garin Zariya ya san yadda unguwa take yin fayau idan Kirsimeti ya matso. Maƙwabtanmu Ibo su cika manyan motoci su nufi gabas, Yarbawa su yi kudu, mutanen Zonkwa da Kafanchan su ɗaure buhunan shinkafa a saman mota. Wanda duk ka tambaya sai ya ce, “Za mu gida.” Mu kuwa 'yan gidan Yohanna kafinta a Unguwar Gabas ba mu da inda za mu, don haka mu ake kawo wa makullai. Babana yana da wata doguwar ƙusa a bayan ƙofa, nan yake rataye makullan layinmu kaf, kullum da safe ya bi gida-gida yana zuba wa kajin mutane dawa da ruwa. Ina ƙarama na taɓa tambayarsa, “Baba, mu ina ne gidanmu?” Ya ce, “Ga ki a ciki.” Amma katakon da yake gogewa yake kallo, ba ni ba.

Abin da muka sani game da asalinmu bai taka kara ya karya ba. Kakan Baba, Tanko, an kama shi yana yaro a wani ƙauyen ƙasar Zazzau, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Can ya gudu ya shiga sojan Turawa, aka sa shi cikin rundunar Hausawan da ke jan igwa, babbar bindigar nan mai ƙafafu, ya je yaƙin Asante a ƙarni na sha tara. Da aka sallame shi ya zauna a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya haifi maza biyu, Audu da Gambo. Audu ya ji ana shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Zariya, ya ce bari ya je ya ga ƙasar ubansa ya dawo. Ya zo, ya sami aikin reluwe, ya yi aure, ya shiga coci aka yi masa baftisma da suna Dauda, bai sake komawa ba. Shi ya haifi Babana. Ranar da zai rasu ya kama hannun Baba, lokacin yana saurayi, ya ce, “Na ce wa Gambo zan dawo. Ka je ka gaya masa ban manta ba.” Sunan garin kuwa da shi ya tafi, don bai taɓa yarda a yi hirar can ba sai ranar, ranar kuma harshensa ya riga ya yi nauyi.

Gado ɗaya tak ya iso mana daga Tanko Mai Igwa, kuma ba irin wanda ake nuna wa surukai ba ne. A gidanmu idan aka yi tsawa, kowa sai ya hangame baki, ya ɗaga dunduniya daga ƙasa, ya dafe kunnen hagu da tafin hannu, ya bar na dama a buɗe. Haka Audu ya koya wa Baba, haka Baba ya koya mana tun muna rarrafe, wai don kar tsawa ta fasa mana kunne. A firamare “'yan gidan hangame” ake ce mana. Yau ga ni malamar sakandare a Samaru, na ba hamsin baya, amma ko ina tsakiyar rubutu a allo aka yi tsawa, kafin in tuna da girmana bakina ya riga ya buɗe, ɗalibai su yi ta ƙunshe dariya. Na yi iya yina in daina, jiki ya ƙi.

Bara gab da Ista ciwon zuciya ya kwantar da Baba. Likita ya ce mu koma da shi gida mu lallaɓa shi, mun kuma gane abin da yake nufi. Na ɗauko shi daga Sabon Gari na kawo shi wurina a Samaru. Wata rana ina shafa masa mai a kumburarrun ƙafafunsa sai ya ce, “Uwata,” don sunan mahaifiyarsa Saratu aka sa mini, “in na je can tsoho ya tambaye ni saƙonsa, me zan ce?”

Ya haura tamanin, amma muryar ta yaron da aka aika ya manta saƙo ce. Na ce, “Za ka ce ka aiki 'yarka.” Ana ba da hutu na bar shi a hannun ƙanwata Talatu.

Ba zan gajiyar da ku da labarin hanyar Legas ba, wanda ya taɓa bin ta ya san abin da baya yake ji. Wahalar gaske a kan iyaka ta fara. Wani saurayi mai fara'a, Hausa raɗau a bakinsa, ya tare ni da “Hajiya.” Na ce ni ba Hajiya ba ce, ya koma “Mama,” ya ce bari ya canza mini kuɗi kafin mugaye su cuce ni. Sai a Kwatano, da na miƙa takarda zan sayi burodi, mai burodin ta ɗaga ta sama ta duba, ta yi tsaki ta jefo mini. Jabu ne. Na tsaya tsakiyar tasha ina surfa wa yaron nan zagi da Hausa, mutane suna ba ni haƙuri da Faransanci, ba mai jin wani. Wata 'yar kasuwar atamfa da muka shigo mota ɗaya tun Legas, wadda ba ta jin Hausa ba ta jin Turanci, ita ta raba burodinta biyu ta tura mini rabi. Duk shingen da aka sauke mu har Lome tana riƙe da gefen gyalena don kar in ɓace cikin mutane. Har yau ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A Akara na sauka a ɗakin baƙi na wata coci. Zafin garin mai ɗanko ne, ka yi wanka kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa. Aka kawo mini dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, na ci don kar a ce na raina. Ni da nake mitar hayaniyar ɗalibai a kasuwar Samaru, sai ga ni ina kewarta, ina kewar wainar da nake saya a bakin titi, har da kukan jirgin da ke tashe mu a Sabon Gari muna yara.

Na fara zuwa ofishin da ake ajiye tsoffin takardun gwamnati. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya ɓata yininsa a kaina. Amma Turawa da sunan gari suke rubuta soja, ga Tanko Zariya nan, ga wani Tanko Zariya can, ba a ce wane ya haifi wane ba, ba a ce ina suka nufa bayan an sallame su ba. Ya ce masu igwa a Cape Coast aka fi ajiye su, amma in fara tambaya a zango, wato unguwar Hausawa.

Da na shiga zango na ji Hausa ta ko'ina, sai na saki jiki kamar na shigo layinmu. Hausarsu ta sha bamban da tamu, amma muna gane juna, zan kuma kawo maganarsu yadda kunnena ya ɗauke ta. A bencin wani mai shayi na tarar da Malam Inusa, farar riga, carbi a hannu, murya a sanyaye. Ya tambaye ni abin da ke tafe da ni, ni kuma na zazzage masa komai, Tanko, Audu, Gambo, har da ciwon Baba. Ya dafe ƙirji ya ce, “Allahu Akbar! Ke kuwa Allah ne ya jefo ki hannuna. Ɗan Gambo ai yana nan da rai.”

Ya kai ni wani lungu wurin wani tsoho mai farin gemu. Duk abin da na faɗa tsohon sai ya gyaɗa kai ya ce, “Haka ne, haka ne, haka Babana ke faɗa.” Har hawaye ya matso. Malam Inusa ya ja ni gefe ya ce kabarin Tanko yana bukatar gyara, kuma ba a haɗa zumunci irin wannan ba tare da an yi sadaka ba. Na kwance bakin zane na ba shi. Nan take na kira Talatu ta kara wa Baba waya a kunne. Na ce, “Baba, na same su.” Ban taɓa jin Babana yana kuka ba sai ranar. Talatu ta ce har tuwo ya nema.

Washegari na sayi yadin shadda na koma gaishe da tsohon, ban gaya wa kowa zan zo ba. A ƙofar gidan na ji muryar Malam Inusa yana ce wa wani baƙo mai ɗauke da kyamara, “Wannan shi ne jikan limamin da kake nema.” Na leƙa, tsohon jiya ne, yana gyaɗa kai yana “haka ne, haka ne.” Wata mata mai wanki a tsakar gidan ta dube ni ta ce, “Baiwar Allah, wannan tsohon ai bai daɗe da zuwa garin nan ba. Abinci ake ba shi ya zama kakan kowa.”

Ni ba mai haƙuri ba ce, duk wanda na koyar zai shaida. Na tara wa Malam Inusa jama'a, na faɗa masa maganar da ba zan maimaita a rubuce ba. Ya sulale ta bayan masallaci ya bar takalmi ɗaya. Tsohon kuwa ya sunkuyar da kai, sai na ji tausayinsa ya kama ni, na ajiye masa shaddar na fita. Abin da ya fi ƙona mini rai ba abin da na rasa ba ne, kiran da zan yi ne. Na zauna a bakin kwata na daɗe ina juya waya kafin in danna.

Baba ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Dawo gida, Uwata. Mun saba riƙe makullai.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban dawo ba. Na shiga motar Cape Coast da zazzaɓi yana ɗan taɓa ni, kafin mu isa ya rufe ni ruf. Abin da nake iya tunawa shi ne ina zaune a kan jakata a tasha, haƙorana suna haɗuwa, ina cewa, “Wayyo Allah, wayyo Babana.” Wata mata mai sayar da shinkafa da wake ta ajiye ludayi ta zo ta tsaya a kaina.

“Bahaushiya ce?”

Na gyaɗa kai.

“Ina masu ke?”

Na ce, “Su nake nema.”

Ba ta sake tambaya ba. Sunanta Mma Hawa, don can Mma suke ce wa babbar mace. Ta kai ni gidanta, ta sayo magani, ta dama mini koko, ta ba ni gadonta ita ta kwana a tabarma. Ta ga ƙaramin gicciyen da ke wuyana tun ranar farko, abin da kawai ta ce shi ne idan Lahadi ta yi akwai coci a bayan kasuwa. A gidan akwai yayanta, wani dogon tsoho da ake kira Saje, wanda ya yi ritaya daga soja. Ba ya yawan magana, yini yake a kujerar roba a gefen rumfarta yana sauraron rediyo. Wannan karon na koyi hankali, abin da na gaya musu kawai shi ne ina neman zuriyar wani tsohon soja da ake kira Mai Igwa. Mma Hawa ta bi da ni gidajen tsofaffin zango, kowa ya ce bai taɓa jin sunan ba.

Da na sami ƙarfi na je tsohon ginin Turawa na bakin teku. Igwoyi suna nan a jere, baƙaƙe, bakinsu yana kallon ruwa. Na ɗora hannu a kan ɗaya, ƙarfen ya ɗau zafin rana. Na yi ta tunanin yaron da aka rabo da uwarsa a ƙasar Zazzau, ya zo ya ƙare yana jan irin wannan ƙarfe cikin kurmi, yana harbin mutanen da ba su yi masa komai ba, don wanda ya ba shi kaki ya ce ya harba. Ban san ko alfahari zan yi ko kuka ba. Talatu kuwa kullum labarinta ɗaya ne, Baba ya rage cin abinci, ya juya fuska bango, ko sunana bai ambata.

Ran Asabar ina taya Mma Hawa wanke kwanuka a rumfa, don na ƙi zaman cin banza. Ashe mutanen garin, Fante, suna jana'izar wani babbansu, su kuma da bindigogin toka suke raka gawa. Ban san da zuwansu ba sai ji na yi daram a bayana. Kafin in ankara ga ni tsaye a kan yatsun ƙafa, baki a hangame, hannun da ke da kumfar sabulu a kunnen hagu. Masu cin abinci suka fashe da dariya. Saje bai yi dariya ba. Ya kashe rediyo.

“Wa ya koya miki wannan?”

Na ce, “A bar maganar, Baba Saje. Wata tsohuwar ɗabi'a ce ta gidanmu.”

“Ɗabi'a? Wannan tsayuwar masu igwa ce. Ni ma a ɓangaren manyan bindigogi na yi aiki, tsofaffin da suka koya mana haka suke yi. Ana buɗe baki don kar ƙara ta fasa dodon kunne. Ana ɗaga dunduniya don kar girgizar ƙasa ta hau ƙashin baya. Kunnen da ke wajen igwa shi ake toshewa, ɗayan a bar shi don jin umarni. Kakanku igwa tana hagunsa yake tsayawa.”

Na koma na zauna a kan turmi. Tun ina yarinya nake jin kunyar abin nan, ashe mutumin da ba shi da gona ba shi da gida a ƙasarsu, abin da ya tsare masa rai shi ya bar wa 'ya'yansa. Na yi kuka sosai, Mma Hawa tana cewa a ƙyale ni.

Saje ya bari na lafa, sannan ya ce, “Kina ta neman Mai Igwa. Wa zai ci gaba da kiran tsoho Mai Igwa bayan an karɓe igwar? A wancan zamani duk dabarar mutum, in ya daɗe a aikin nan kunne ba ya raka shi tsufa. Kurma za ki nema.”

Mma Hawa ta saki murfin tukunya. “Gidan Kurma Soja! Yaya, zangon nan na bakin kogin Pra, kan hanyar Kumasi, inda nake sarin manja da ina budurwa. Akwai gidan da ake kira haka.”

Ban kira Baba ba. Na rantse ba zan sake ɗaga masa rai a kan jita-jita ba. Mma Hawa ta ƙulle mini shinkafa a ganye, ta raka ni tasha, ta ja wa direba kunne a kan inda zai sauke ni. Na yi ƙoƙarin ba ta wani abu, ta ture hannuna ta ce in na sake za mu ɓata.

Motar ta yi ta kutsawa cikin kurmi da gonakin koko, ta lalace a hanya muka sauka muka tura, sai bayan azahar na isa. Zangon ɗan ƙarami ne, masallaci ɗaya da gidajen kwano masu tsatsa, kogin yana gangarawa ja wur a ƙasansu. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Aka nuna mini gidan. Na yi sallama na tarar da mata suna kwashe shanyar rogo da barkono a guje, wasu biyu suna kirɓa sakwara, yara suna ta kai da kawo. A bakin baranda wata 'yar tsohuwa ce zaune a kujera 'yar tsugunne, asuwaki a baki, idanunta ƙyar a kaina. Aka ce ita ce babbar gidan, Mma Azumi.

Aka ba ni ruwa, muka gaisa. Ta ce, “Daga ina?”

“Daga Najeriya.”

“Najeriya ai da faɗi.”

Na yi kamar ban ji ba. Na riga na yanke cewa ko suna ɗaya ba zai fito daga bakina ba sai ta fara faɗa. Na ce, “Mma, so nake in san sunan wanda ya kafa gidan nan.”

“Kurma.”

“Sunansa na yanka fa?”

“Ke da kika taso tun daga Najeriya ba ki zo da sunan ba?” Ta tofar da asuwaki. “Wanda ya zo kafin ke ma ɗan'uwa ne, in ji shi. Da aka bincika gonar koko yake so.”

Na ce, “Ni ma wanda na samu kafin ke kaka ne, in ji shi. Da aka bincika abinci ake ba shi.”

Ta kalle ni, na kalle ta. Ita ta ƙi, ni na ƙi. A raina na ce wannan tsohuwa taurin kanta ya yi kama da na wani da na sani, amma na danne. Iska ta taso, yayyafi ya fara. Na jawo jakata ina tunanin ko zan sami motar komawa.

Sai walƙiya ta haske gidan, tsawa ta biyo baya kamar an fasa dutse a saman kwano.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da idona ya dawo daidai, abin da na gani shi ne masu kirɓi sun saki taɓare, yara sun tsaya cak, wata mai goyo ta tsaya da tiren barkono a hannu ɗaya. Kowa bakinsa a hangame, kowa a kan yatsun ƙafa, kowa tafin hannu a kunnen hagu. Mma Azumi ba ta iya tashi, amma daga zaune ta ɗaga dunduniyarta, bakin nan mai 'yan sauran haƙora a buɗe, hannu a kunne. Tana kallona ina kallonta, ba wadda ta tuna ta rufe baki.

Ita ta fara sauke hannu. Ta ce, “Jikar Audu ce ke.”

Na ce, “Ban faɗa miki sunan ba.”

“Ba sai kin faɗa ba. Audun da ya tafi Zazzau ganin jirgin ƙasa. Ni ce autar Gambo. Gambo ɗan Tanko.”

Na durƙusa a gabanta cikin ruwan sama na ce, “Gwaggo, aiko ni aka yi. Audu ya ce a gaya wa Gambo bai manta ba.”

Ta kama kaina da hannu biyu. Sannan ta ce, “Ubana ma bai manta ba. Ku ɗaga ni.”

Aka riƙe ta muka bi baranda har wani ɗaki kusa da zaure. Gado ne a ciki da tabarma da buta, an share tas. Ta ce Gambo ne ya gina shi da hannunsa don yayansa ya sami wurin sauka, in ya ji mota ta tsaya a bakin hanya sai ya aika a dubo. Ɗakin ya rushe an sake tayar da shi, an canza ƙasa zuwa bulo, baƙi suna kwana a ciki, amma har yau ɗakin Audu ake ce masa. Yaran gidan sun ɗauka suna ne kawai.

Na ce, “Gwaggo, akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu. Mu Kirista ne. Audu da suna Dauda ya rasu.”

Ta dubi gicciyen wuyana, ta dubi ɗakin. Ta ce, “Ubana bai ce na mai alwala ba ne. Cewa ya yi na Audu ne.”

Nan na ciro waya na kira Talatu ta bidiyo. A Samaru rana ce tarwai, ina ganin haskenta ta taga. Baba yana kwance ya ba duniya baya. Talatu ta ce, “Baba, Yaya ce.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Na ce ta dawo.”

Na ce, “Baba, ba sai ka yarda da ni ba. Ba zan ce komai ba ma. Juyo ka kalla kawai.”

Talatu ta tallafe shi ya juyo. Na maida fuskar wayar wajen baranda, inda duk gidan suka taru suna fakewa. Muka tsaya muna jira. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah ya kawo tsawa ba sai ranar, ita kuma ta yi ta jan rai. Yara suka fara dariya, Baba ya fara lumshe ido. Sai ga walƙiya, sai ga ta daram.

Gidan gaba ɗaya ya ɗaga a kan yatsu. Ni kuwa wayar nake leƙe. Can a Samaru, inda ko gajimare babu, na ga hannun Babana ya taso a hankali ya dafe kunnen hagu, bakinsa ya buɗe, ƙafafun nan da suka kumbura suka motsa a ƙarƙashin mayafi. Hawaye yana bin gefen fuskarsa, bai goge ba.

Gwaggo Azumi ta karɓi wayar ta kawo ta dab da hancinta. Ta ce, “Yaya Yohanna, kun daɗe a hanya.”

Baba ya ce, “Mun daɗe, ƙanwata. A yi mana haƙuri.”

Na ba shi labarin ɗakin. Ya sa na zagaya da wayar ya ga gadon, ya ga butar, ya ga ƙofar. Sannan ya ce, “Uwata, ki kwana a ciki. Ki ce musu Audu ya dawo.”

Na kwana a ciki. Kafin in taho Gwaggo ta sa aka kai ni gindin wata bishiya a bayan masallaci inda Tanko da Gambo suke kwance, ba alama ba rubutu. Su suka yi tasu addu'ar, ni na yi tawa. Na dawo Samaru da goro da manja da zanen da ta ce a rufa wa yayanta. Baba ya ga damina, duk ranar da aka yi hadari sai ya ce a kira masa Azumi su yi gardamar wanda ya girmi wani. Lokacin da masara ta fara goyo ya rasu, da zanen a jikinsa. Bai sake tambayata abin da zai ce wa tsoho ba.

Da Disamba ta kama ina gidanmu na Unguwar Gabas, inda Talatu take zaune yanzu, muna ɗaure kaya. Sai ga maƙwabciyarmu Mama Ngozi ta shigo da makullanta a hannu kamar yadda ta saba tun muna yara, ta nufi ƙusar bayan ƙofa kai tsaye. Na ce, “Mama, bana sai dai ki nemi wani.”

Ta tsaya, ta dubi jakunkuna, ta dubi yaranmu da suka sha sababbin kaya. Ta ce, “A'a! Ku kuma ina za ku?”

Na ce, “Za mu gida.”